Kafin a Fasa Daɓe: Shawarwari Kan Rariyar Ɗakin da Aka Sauya wa Aiki

Da wuya yanzu mutum ya bi layi a Yelwa ko Gwallameji da ke garin Bauchi bai ga gidan da aka mayar da garejinsa ko sitonsa ɗakin haya ba. Ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suna neman ɗaki mai banɗaki a ciki, masu gida kuwa suna neman abin rufin asiri. A cikin gari ma haka abin yake ta wata fuskar: an yi wa yaro aure, shagon ƙofar gida ya zama ɗakin amarya, uwargida ta fara sana'ar abinci, tsohon ɗakin ajiya ya zama madafa. Duk waɗannan ɗakuna an gina su ne don su zauna a bushe, ba wanda ya yi musu lissafin ruwa. Akasarin masu gida tayil da fenti suke fara saye, sai ranar da birkila ya tambayi inda za a huda rariya a nuna masa kusurwar da ta fi kusa da waje. A ganina wannan tambayar ce ya kamata ta riga kowace zuwa, domin amsarta ce za ta yanke tsayin daɓe, da girman bututu, da yawan kuɗin da za a kashe.

1. Fara awo daga inda ruwan zai ƙare, ka dawo baya zuwa ɗakin.

Ruwa ba ya hawa tudu, kuma ido ba ya iya gane bambancin santimita 10 a tsakar gida. Ka sayi siririn tiyo mai haske irin wanda magina suke awo da shi, ka cika shi da ruwa, mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a cikin ɗakin, wani ya riƙe ɗayan a wurin da ake son ruwan ya faɗa. Tsayin ruwan da ke bakunan biyu daidai yake, don haka in aka auna daga kowanne zuwa ƙasa, bambancin shi ne gangaren da kake da shi.

Bututu yana bukatar ya sauka kamar santimita 2 da rabi a kowace mita ɗaya. Idan tsakanin rariyar da ramin mita 8 ne, ana bukatar santimita 20. Ka ƙara wajen santimita 10 zuwa 15 da tarkon wari, wato lanƙwasar da ke tare warin rami, zai ci a ƙarƙashin daɓe. Ke nan bakin da ruwan zai fita dole ya zama ƙasa da daɓen ɗakin da abin da ya kai santimita 30 ko fiye. Gareji da sito galibi daɓensu daidai yake da tsakar gida, wani ma ya fi ta ƙasa, saboda an yi ta ciko a waje shekara da shekaru. In lissafin bai cika ba, ɗaga daɓen wurin wankan kaɗai da matakala ɗaya ya fi sauƙi da arha a kan zurfafa haƙa, musamman a garin da diga ke saurin cin karo da dutse.

2. Tantance irin ruwan da zai bi rariyar.

Ruwan alwala da na wanka su ne masu sauƙi. Na wanki yana ɗauke da sabulu mai ƙarfi da zaren tufafi. Na wanke-wanke yana ɗauke da maiƙo da guntun tuwo, shi ne kuma ya fi saurin kashe rami. Na bayi kuwa ba ya bin rariyar daɓe ko kaɗan, bututunsa daban ne kuma tankin shadda kawai yake zuwa. Wannan ya haɗa da ruwan da aka wanke kashin yara ko aka ɗauraye fo da shi, abin da iyaye mata da dama suke zubawa a rariyar wanka ba tare da sun ɗauke shi bakin komai ba.

Akwai na huɗu da ba a cika tunawa da shi ba. Idan har yanzu ana ajiye janareta ko babur a ɗakin, ko ana rini, ko ana haɗa sabulun ruwa na sayarwa, kada a haɗa rariyarsa da ramin da ke tsotsewa cikin ƙasa. Baƙin mai kaɗan yana iya ɓata rijiya, ba ya kuma ruɓewa kamar dattin kicin. Irin wannan ɗaki a bar shi ba rariya, a riƙa zuba yashi ko dusar katako a kan abin da ya zube a kwashe.

3. Gwada ƙasar gidanka, kada ka kwaikwayi na wani.

Bauchi a kan dutse take zaune. Wanda ya dubi Dutsen Tanshi ko duwatsun Warinje ya ga abin da ke kwance a ƙarƙashin unguwanni da yawa, sai dai a wani wuri yana nesa, a wani kuma ƙafa uku ya isa a tarar da shi. A samansa akwai marmara, akwai jar ƙasa mai tsakuwa da ke shan ruwa sosai, akwai kuma yumɓu a gidajen da aka gina a kan tsofaffin fadamu da bakin rafuka. Gida biyu a layi ɗaya suna iya bambanta, shi ya sa maganar "haka muka yi wa Alhaji wane" ba hujja ba ce.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A wurin da ake son ramin, a haƙa har zurfin da bututu zai iso, sannan a ƙara ɗan rami mai faɗin santimita 30 da zurfin santimita 30 a ƙasansa. A cika shi da ruwa da yamma a bar shi ya kwana, don ƙasar ta ƙoshi kamar yadda za ta kasance in an fara amfani da wurin. Washegari a sake cikawa a duba agogo. In ya shanye cikin 'yan sa'o'i, ƙasar za ta karɓi ruwan wanka. In aka yini aka kwana yana nan, to rami a wurin kwatami kawai zai zama. In kuma ya ɓace cikin 'yan mintoci, kada a yi murna tukuna: wataƙila tsagar dutse ya samu, kuma ruwan da ya bi tsaga ba ya tacewa.

Lokacin gwajin ma yana da muhimmanci. Ƙasar watan Maris ƙishirwa take ji, komai aka ba ta za ta shanye. Gaskiyarta tana fitowa ne a marka, tsakanin Agusta da farkon Satumba. In ba za a iya jira ba, a tambayi masu rijiya a maƙwabta inda ruwa yake kaiwa a ƙarshen damina. Ana so gindin ramin ya fi wannan matakin tsayi da aƙalla mita ɗaya da rabi.

4. Sokawe na kansa, in ƙasa ta yarda kuma rijiya tana nesa.

Wannan ita ce mafitar da ta fi dacewa da yawancin gidajen da ke da fili. Ga ɗaki ɗaya ko biyu, rami mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da zurfin da ya kusa mita 2, yakan wadatar a ƙasa mai sha. Ana gina shi da bulo ana barin ƙofofi tsakaninsu, ba a yaɓe shi, ba a kuma daɓe gindinsa. Bayan bulon a zuba tsakuwa ko fasasshen dutse don kada ƙasa ta rufto ta toshe ƙofofin. Inda dutse yake kusa, a bar zurfi a nemi tsawo: a yi doguwar kwari mai zurfin kamar santimita 60, a shimfiɗa tsakuwa, a ɗora bututun da aka hudhuda, a rufe da tsakuwa, sannan buhu, sannan ƙasa. Bangon ramin ne yake shan ruwa fiye da gindinsa, don haka doguwar kwari tana yin aikin da rami mai zurfi yake yi.

A nisanta shi da tushen gini, mita 5 in da hali. A yi masa murfin kankare mai rodi, ba tsohon kwano da aka danne da dutse ba, domin gida ne mai yara.

Sai batun rijiya, wanda shi ne ya fi damuna a duk wannan rubutu. Ƙa'idar da hukumomin lafiya da na agaji suka saba bayarwa ita ce mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya, kuma ramin ya kasance ta gangare da ita. Ruwan famfo daga madatsar Gubi bai wadaci kowace unguwa ba, gidaje da yawa da rijiya da burtsatse suke rayuwa. A shekarar 2021 annobar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, Bauchi kuwa tana sahun gaba cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ba duka daga rijiya ba ne, amma gurɓataccen ruwan sha shi ne babbar hanyar wannan cuta. Kuma rijiyar da za ka auna ba taka kaɗai ba ce. Ka leƙa ka tambaya ko akwai wata a bayan katanga, domin katanga ba ta raba ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa.

A gidajen cikin gari irin na Jahun da Makama, inda gida ke manne da gida, mita 30 na iya ratsa gidaje uku. A nan ba na ba da shawarar a haƙa sabon rami ko kaɗan in akwai rijiyar sha a kusa. A duba sauran hanyoyin.

5. Haɗawa da tankin da ke gidan.

In gidan yana da tankin shadda da sokawensa, haɗawa da su yana da sauƙi, amma a tuna an gina su ne gwargwadon mutanen da ke gidan a lokacin. 'Yan haya huɗu, kowa ya yi wanka sau biyu da bokiti mai lita 15, lita 120 ke nan a rana, ban da wanki. In tankin ƙarami ne, wannan ruwa zai riƙa tura dattin da bai gama kwanciya ba zuwa sokawe, ya toshe shi. Alamar ita ce ana kiran motar yasa a kai a kai. Abin da ya fi, ruwan wanka ya wuce tankin ya shiga sokawe kai tsaye ta camba, wato ɗan ginin mahaɗar bututu mai murfi, na bayi kaɗai ya shiga tanki.

Tsohuwar masai ta gargajiya kuwa kada a juya mata ruwan wanka. Za ta cika da wuri, bangonta ya jiƙe, wata rana ta rufta. Kuma kada wani ya shiga tanki ko rami don gyara, ko da an kwashe shi. Iskar da ke ciki tana kashe mutum kafin ya iya kiran taimako.

6. Kwatar layi: a yi hattara da maƙwabta da kuma Agusta.

Rariyar gargajiya, wato hujin gindin katanga da ke zubarwa a lungu, ta yi aiki a zamanin da ruwan gida tulu biyu ne ko uku, rana ta busar da shi kafin la'asar. Yanzu da tankin sama da shawa, ruwan ya fi ƙarfin lungu. Shi ne baƙin ruwan nan da ke kwance a ƙofar gidaje, masu zuwa masallaci suna tattare riga, sauro yana haihuwa a ciki, yara suna wasa a gefensa. Haƙƙin maƙwabci ne da na mai wucewa, kuma dubagari ko jami'an hukumar kare muhalli ta jiha, BASEPA, suna da hurumin yi maka magana a kai.

In layin yana da ginanniyar kwata mai gudu, kuma babu wata mafita, ruwan wanka da aka tace kaɗai za a kai mata, ta cikin bututun da ya isa har cikinta, ba wanda zai tsaya a bakin katanga ba. Kafin a fasa gefen kwatar gwamnati ko a ratsa hanya, a nemi izinin hukumar raya birane, a kuma sanar da mai unguwa.

Haɗarin da ke nan shi ne dawowar ruwa. Bauchi tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa cikin 'yan watanni, Agusta ce kan gaba. Kwatar da ke cike da leda da yashi takan tumbatsa cikin rabin sa'a, kuma duk bututun da bakinsa ke ƙasanta zai zama hanyar shigowar ruwan unguwa cikin ɗaki, har kan katifa. A sa bakin bututun a can sama, kusa da leɓen kwatar. A dubi alamar da ruwan bara ya bari a jikin katanga, a tabbata daɓen ɗakin ya fi ta tsayi. Ana samun bawul mai hana ruwa komawa baya a shagunan kayan famfo, yana taimakawa, amma gashi da yashi suna hana shi rufuwa in ba a share shi.

7. A ba shuka ta sha.

Gidan da ke da ɗan fili a baya, wannan ce hanyar da na fi so. A haƙa kwari mai faɗi marar zurfi, a cika shi da busasshen ganye da kara da ɓawon gyaɗa, bututun ya zuba a ƙarƙashinsu, a dasa ayaba ko gwanda a kewaye. Ayaba tana da shan ruwa ƙwarai, ruwan alwala da na wankan mutum biyu ko uku ba zai dame ta ba. Sharaɗin shi ne kada ruwa ya fito fili ya kwanta. Kada a ba latas da kabeji da karas da duk abin da ake ci ɗanye, kada kuma a haɗa da ruwan bilic. Da damina ƙasa ta riga ta ƙoshi, sai a tanadi wata hanyar da za a juya ruwan.

8. Kada a yarda da rariya marar tarkon wari.

Tarkon wari lanƙwasa ce a ƙarƙashin rariyar da ke riƙe ruwa kamar santimita 5 koyaushe. Wannan ɗan ruwan ne yake tare warin rami, da kyankyasai, da sauro. Masu aiki da yawa sukan ɗora farantin rariya kai tsaye a kan gwiwar bututu don su rage haƙa, ba a ganewa sai an tare. Ka tsaya ka gani da idonka kafin a zuba siminti, ka zaɓi irin wanda ake cire murfinsa a share.

Hunturun Bauchi yana busar da tarko cikin 'yan makonni in ba a amfani da ɗakin, misali lokacin da ɗalibai suka tafi hutu. Mai gida ya riƙa zuba moɗa ɗaya ta ruwa duk mako, ko ya zuba ruwa ya bi shi da cokali ɗaya na man gyaɗa, man zai rufe saman ruwan ya rage bushewarsa. Ramin kansa a yi masa bututun shaƙar iska da ya wuce rufi, a ɗaure bakinsa da ragar sauro. Bakin bututun da ke fita waje ma a sa masa raga ta ƙarfe saboda ɓera da gafiya.

9. In madafa ce, a tare maiƙo tun a ƙofa.

Manja da kitsen nama suna fita da ɗumi, su daskare a bututu da bangon rami, su yi masa yaɓe. Sokawen da ya kamata ya yi shekaru yana aiki sai ya mutu da wuri. Maganin ƙaramar camba ce a bayan bangon madafar, mai ɗaki biyu, wadda bututun fitarta ya lanƙwasa ƙasa ya nutse cikin ruwa. Maiƙo zai taso sama, dusar abinci ta kwanta, ruwan tsakiya ya wuce. Uwargida ko yaran gida su kwashe saman duk mako, mai sana'ar abinci kuwa kusan kullum. Sauran abinci a kankare shi a ba kaji kafin a kai kwano wurin wanki.

Iyayenmu mata sukan hana a watsa tafasasshen ruwa a rariya. Bututun roba ma ba ya son sa, yana sa shi laushi ya saki gam a mahaɗa. A bar ruwan taliya ya huce, ko a surka shi.

10. Bututu, daɓe da gindin bango.

Inci 2 ya isa rariyar wanka guda a cikin ɗaki, amma da zarar an fita waje, ko tafiyar ta yi tsawo, a koma inci 4, kamar na bayi. A sayi mai kauri. Siririn yana fashewa in an danne shi da ƙasa. A shimfiɗa masa yashi sama da ƙasa, in mota za ta bi ta kansa a rufe da kankare. Duk inda zai yi kwana a gina camba mai murfi, don ranar da ya toshe a zura sanda ba sai an fasa tsakar gida ba.

Daɓen ya gangara zuwa rariyar da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, daga ko'ina, kuma farantin rariyar ya ɗan yi ƙasa da tayil. Ƙananan tayil sun fi manya bin gangare, sun kuma fi rage santsi ga tsofaffi.

Tsofaffin gareji da sito ba a cika sa musu ledar hana danshi a tushe ba. A yi wa daɓe da bango, har tsayin ƙugu ko fiye, yaɓen siminti mai maganin hana ruwa kafin tayil, a kula musamman da kusurwa da wurin da bututu ya huda bango. In ginin ƙasa ne aka yi masa rigar siminti, hatsarin ya ninka, domin bangon yana ruɓewa daga ciki ba a gani har ranar da zai zauna. A irin wannan ɗaki gara a gina sabon bangon bulo a ciki ya kewaye wurin wankan, ko a fitar da banɗakin waje a jingine shi da nasa bangon.

11. Ruwan rufi ya bi hanyarsa.

Rufi mai faɗin murabba'in mita 50, in aka yi ruwa na milimita 40, zai zubo da lita 2,000 a dare ɗaya. Babu sokawen gida da zai ɗauki wannan. Indararo ya zuba a tanki ko randa, rarar ta bi tsakar gida ta fita, kuma a ɗaga bakin camba kaɗan don kada ruwan tsakar gida ya faɗa ciki.

12. In duk hanyoyin sun ƙi, da kuma gwajin ƙarshe.

Akwai gidan da dutse ne a ƙasa, rijiya a gefe, kwata kuma ta fi ɗakin tsayi. Ana iya gina tanki rufaffe da aka yaɓe ciki da waje, a riƙa kwashewa, amma a yi lissafin kuɗin kwasar kafin a yanka kuɗin haya. Ana iya sa ƙaramin famfo mai tura ruwa sama, sai dai duk ranar da babu wuta babu wanka. Wani lokaci amsar da ta fi ita ce a bar ɗakin a bushe, a gina banɗaki a kusurwar gidan da gangare yake, ko da hayar za ta ragu.

Ko wace hanya aka bi, kada a rufe rami kuma kada a sa tayil sai an gwada. A toshe ƙarshen bututun, a cika shi da ruwa, a bar shi sa'a guda, a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da hannu ana neman danshi. Sannan a buɗe, a juye bokiti biyu a lokaci ɗaya, wani ya tsaya a camba ya ga ko ruwan ya iso da ƙarfinsa. Bayan an daɓe, a toshe rariyar a tara ruwa a ɗakin ya kwana, da safe a zagaya bayan bango a duba, a buɗe a ga ko akwai kusurwar da ruwa ya maƙale. A ɗauki hoton layin bututun da waya kafin a binne shi, a kuma yi yarjejeniya da mai aikin tun farko cewa cikon kuɗinsa sai bayan wannan gwaji.